Kunnen da ya daina ciwo bai warke ba: yadda mugunya ke kashe ji, ta kuma haura ƙwaƙwalwa

Daga cikin birnin Maraɗi har ƙauyukan Madarunfa, Gidan Rumji da Tasawa, ba a cika ƙirga kunne mai zubar da ruwa cikin cututtuka ba. Yaro zai kwana yana kuka, yana jan kunne, jiki rau da zafi. Ranar da ruwa ya ɓalle kuka ya tsaya, sai gida ya yi ajiyar zuciya. Tsofaffi su ce wa uwar: "Ke dai kwantar da hankalinki, ɗiyata, ciwon ne ya fito. Nono ne ya zuba a kunnen, in an yaye shi zai bushe." A dunƙula auduga a toshe, kowa ya kama harkar gabansa. Wani yaron da wannan kunnen zai shiga makarantar allo, da shi zai shiga lakwal, wani ma da shi zai yi aure.

Zafin kam ya tafi, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya kore shi shi ne tantanin kunne ya fashe, mugunyar da ke matse a bayansa ta sami mafita. Nono ba shi da laifi. Wanda ya zuba daga waje ba ya ratsa lafiyayyen tantani, hasali ma jaririn da ya sha nonon uwa zalla har wata 6 ya fi samun kariya daga ciwon kunne. A yara da yawa hudar kan haɗe da kanta cikin ƴan makonni, magana ta ƙare. Waɗanda tasu ba ta haɗe ba, ruwa yana zuwa yana ɗaukewa wata da watanni, su ne abin dubawa a nan.

Sai an san zubin kunne kafin a gane abin da ke biyo baya. Abin da muke gani a waje, da ramin da ya shiga ciki, hanya ce kawai. A ƙarshen ramin tantani yake. Bayansa akwai wani ɗan sarari mai iska da likitoci ke kira kunnen tsakiya, cikinsa da ƙasusuwa 3, mafiya ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, masu karɓar girgizar sauti daga tantani su miƙa ta ciki. Wani siririn bututu ya haɗa wannan sarari da bayan hanci. Ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ƙwayoyin cuta ke hawowa idan ana mura. A ƙaramin yaro bututun gajere ne kuma a kwance yake, shi ya sa ciwon ya fi kama ƴan wata 6 zuwa shekara 2, musamman da hunturu, ko bayan ƙyanda, ko ga yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa. Hayaƙin murhu da na taba suna ƙara wa abin ƙaimi.

Matsalar kunnen tsakiya ita ce maƙwabtansa. Kamar gidan ƙasa ne na cikin gari da ya haɗa katanga da kowa: in ruwa ya riƙa kwanciya a gindin katangarka damina bayan damina, wata rana cikin ɗakin maƙwabci za ta faɗa. Rufinsa siririn ƙashi ne ƙwarai, a kansa kuma ƙwaƙwalwa ce zaune cikin mayafinta. Ta baya akwai ƙashin nan mai tudu da kake taɓawa a bayan kunne, wanda ba dunƙulalle ba ne, cike yake da ƙananan ramuka masu haɗe da kunnen tsakiya. Jingine da shi wata babbar jijiya ce mai kwaso jini daga kai zuwa wuya, sai ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya mai kula da daidaiton tafiya. Jijiyar da ke motsa fuska ta cikin bangonsa ta ratsa. Ta can ciki kuwa kunnen ciki ne, inda ainihin ji yake.

Rashin ji iri biyu ne, kuma rashin bambanta su na daga cikin abin da ke jawo sakaci. Na farko shi ne wanda hanya ce ta toshe: datti ya cika rami, ko ruwa ya taru bayan tantani, ko tantani ya huje, ko mugunya ta ci ƙananan ƙasusuwan nan. Sauti yana isa, amma a raunane. Mai irin wannan in ka ɗaga murya zai ji ka ras. Ko ya yi tsanani bai cika wuce desibel 60 a ma'aunin ƙarfin sauti ba, wato kimanin ƙarfin hira ta yau da kullum. Wannan yana da gyara. A wanke, a ba da magani, in ta kama a yi aiki a liƙe tantanin, ji ya dawo ko ya ƙaru sosai.

Na biyu shi ne na kunnen ciki da jijiyarsa. A can akwai wani murɗaɗɗen bututu mai siffar katantanwa, cike da ruwa, jere da wasu ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a kai, kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ne ke mayar da girgiza ta zama saƙo, jijiyar ji ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa. Da adadinsu aka haifi mutum, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Babu ɗigo, babu ƙwaya, babu allura, babu jiƙo da ke tayar da ita. Duk mai tallar da ya ce yana da maganin wannan kurumtar, kuɗinka yake so.

Mai wannan lalura ba ya cewa "ba na ji". Abin da za ka ji daga bakinsa shi ne: "Ina jin kuna magana, ganewa ce ba na yi." Sautuka masu siririn amo ne ke fara ɓacewa, irin su s da sh da f da ts, sai "fata" da "sata" su zame masa abu ɗaya. Muryar mata da ta yara ta fi ba shi wahala fiye da ta magidanci. A ɗaki shiru ku biyu zai bi zancenka, amma a kasuwa ko gidan biki ya ɓace ke nan. Abin mamaki, in ka yi masa ihu zai iya toshe kunne ya ce ka dame shi, domin kunnen da ya lalace ta ciki ba ya jin ƙaramin sauti kuma ba ya jure babba. Sau da yawa akwai wata ƙara da ba ta yankewa a cikin kunnen. A yaro kuwa babu mai kawo ƙorafi. Malam ne zai ce ba ya mai da hankali, a gida a ce taurin kai gare shi, a kai ga bulala.

Akwai ɗan gwaji da babba zai iya yi idan kunne ɗaya ne ya samu matsala. Ka rufe baki ka yi gunji a hankali, "mmm". In ka ji gunjin ya fi ƙarfi a kunnen da ke damunka, alama ce toshewar hanya ce. In ya karkata zuwa lafiyayyen kunnen, to a yi zargin kunnen ciki. Likita yana yin makamancin haka da wani ƙarfe mai baki biyu da yake kaɗawa ya ɗora a goshi. Ishara ce kawai, na'urar awon ji ce ke yanke hukunci.

To yaya ciwon da ya fara da toshewar hanya ke rikiɗa ya zama wanda ba ya gyaruwa? Tsakanin kunnen tsakiya da katantanwa akwai ƙananan tagogi biyu, ɗaya daga ciki tantani ne kawai ya rufe ta. Idan mugunya ta shekara tana kwance a kanta, gubar ƙwayoyin cuta tana tsattsafawa ta shiga. Ɓangaren katantanwar da ke kusa da tagar shi ne mai jin siraran sautuka, shi ya sa su ke fara tafiya. Wannan a hankali yake ci, ba zafi, ba jini, mutum bai san ranar da abin ya fara ba. Akwai kuma na farat ɗaya, inda ƙwayoyin cutar da kansu suka kutsa ciki. Mutum ya tashi da hajijiya mai tsanani, ɗaki yana juya masa, yana amai, ba ya iya tsayuwa, kunnen ya mutu ɗif. Hajijiyar za ta lafa cikin kwanaki ko makonni. Jin ba ya dawowa.

Wani lokacin mu ke ƙarasa aikin da hannunmu. Kunnen da tantaninsa ya huje ƙofa ce a buɗe, duk abin da aka ɗiga ciki ya zarce. Man gyaɗa, ruwan albasa, turare, ruwan ganye, garin kafso da aka buɗe aka barbaɗa, duka sun shiga inda bai kamata ba. Kunne mai ruwa ma yana daga cikin hanyoyin da tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora, ke shiga jikin yaran da ba su kammala rigakafi ba. Hatta maganin asibiti ba kowanne ya dace ba: ɗigon da ke ɗauke da jantamisin ko niyomisin yana iya cutar da katantanwa idan aka daɗe ana zuba shi a kunne mai huda, kuma irinsu na yawo a farantin masu tallar magani. Allurar jantamisin da dangoginta, irin su sitireptomisin da amikasin, magunguna ne masu ceton rai, amma in aka wuce ƙima suna kashe ji a kunnuwa biyu. Ba allurar da za a yi a tasha ko a zaure ba ce. Kinin shi ma yana sa ƙarar kunne da raguwar ji, sai dai nasa yawanci yana wucewa in an daina sha.

A tsarin kula da yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, kunnen da ya kai kwana 14 yana zuba ya tashi daga sabon ciwo ya koma daɗaɗɗe. Wani rahotonta na 2004 ya ƙiyasta masu irin wannan kunne a duniya tsakanin miliyan 65 da miliyan 330, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 nasu jinsu ya ragu sosai. Faɗin tazarar nan kansa shaida ne cewa ciwon a gida yake zama, ba ya zuwa gidan likita a ƙirga shi.

Cikin daɗaɗɗun kunnuwan nan akwai wanda likitocin kunne suka fi tsoro, kuma shi ne wanda ya fi kama da mai sauƙi. Ruwansa kaɗan ne, wani lokaci da ƙyar yake ɓata matashi, amma yana da ɗoyi mai tsanani wanda ba ya tafiya ko an sha magani. A nan fatar tantani ce ta lotsa ciki ta zama ɗan buhu, matacciyar fata tana taruwa a ciki, buhun yana girma yana narkar da duk ƙashin da ya taɓa. Sunansa kolestiyatoma. Ba ciwon daji ba ne, amma ba ya tsayawa. Yana cinye ƙasusuwan ji, ya huda kunnen ciki, ya tone jijiyar fuska har baki ya karkace ido ya ƙi rufuwa, ya kuma ci rufin da ya raba kunne da ƙwaƙwalwa. Ɗigo na iya busar da shi na ɗan lokaci, ya yaudari kowa. Maganinsa aiki ne, a buɗe ƙashin bayan kunne a kwashe shi.

Idan cutar ta tsallaka cikin kai, ko ta ƙashin da ya lalace ko ta ƙananan jijiyoyin jini, tana zuwa da fuska fiye da ɗaya. Wadda aka fi sani ita ce sanƙarau: zazzaɓi, matsanancin ciwon kai, wuya ya sanƙare, ƙin haske, amai, magagi. A jariri wuya ba lalle ya sanƙare ba, sai dai maɗiga ta kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta wani irin kuka ko ya yi laushi, ko ya yi jijjiga. Wannan cikin sa'o'i yake kisa.

Ƙurjin ƙwaƙwalwa ya fi shi wayo. Da farko ɗan zazzaɓi da ciwon kai na ƴan kwanaki, sai abin ya lafa. Mutum ya koma gona ko kasuwa, ba dai ya jin daɗin jikinsa, ba ya son abinci, ya cika barci. Ana iya yin makonni a haka, alhali mugunya tana taruwa a cikin ƙwaƙwalwa. Sannan ciwon kai ya dawo da ƙarfi, ya fi tsanani da asuba, ga amai ba tare da ciwon ciki ba. In ƙurjin a saman kunne yake, musamman na hagu, mutum kan rasa sunan abin da ya sani sarai, ya riƙe buta ya kasa cewa buta, ko hali ya canza, ko ya faɗi yana jijjiga. In a ƙeya yake, sai tangaɗi, hannu ya kasa kai loma baki daidai. Ba sai an faɗa ba, a wurinmu babba ya fara sambatu da faɗuwa, hankalin dangi wajen iska ko sammu yake fara tafiya. Addu'a ba ta hana ɗaukar hoton kai, kuma sikana ce ke nuna ƙurjin. A yi biyun, amma a fara kama hanyar asibiti.

Akwai ta uku, wadda a ganina ta fi dacewa mutanen jihar nan su sani, saboda rigar masassarar cizon sauro take sawa. Babbar jijiyar jinin nan ta bayan kunne ce ke kamuwa, jini ya daskare a cikinta, gudan jinin mai ɗauke da cuta ya riƙa ɓantarewa yana bin jiki. Zazzaɓi ya hau sama da karkarwa, a yi gumi sharkaf, ya sauka kamar an warke, gobe ya dawo. Wane ne a Maraɗi zai ga haka a watan Satumba bai ce masassara ba? Ko an yi gwajin jini an ga ta cizon sauro, hakan bai wanke kunne ba, domin da damina yara da yawa na ɗauke da ita a jini tare da wata cutar daban. Wanda ya sha maganin masassara daidai, kwana 3 zazzaɓi bai sauka ba, kuma yana da kunne mai ruwa, dole a furta wa likita maganar kunnen. Iyaye kan manta su faɗa, don sun saba da shi har ba sa ganinsa ciwo.

Saboda haka ga mai daɗaɗɗen kunne, abubuwa biyu da ake ɗauka alheri ko ƙaramin abu su ne manyan gargaɗi. Kunnen da ya shekara ba ya ciwo ya fara ciwo mai zurfi har cikin kai. Ko ruwan da ya saba zuba ya ɗauke kwatsam, ciwon kai da zazzaɓi suka biyo baya, wanda ke iya nufin mafita ta toshe, mugunya ta nemi wata hanya. Haka kumburi mai zafi a bayan kunne da ke turo kunnen gaba: ƙashin ne ya kamu, ba maruru ba ne, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Karkacewar baki, gani biyu-biyu, hajijiya, duka ba sa jiran ranar kasuwa ko a sayar da wake.

Hanyar tana tafiya ta ɗaya gefen ma, daga ƙwaƙwalwa zuwa kunne. Nijar na tsakiyar yankin sanƙarau na Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum sama da 250,000 ta kashe kimanin 25,000. A cewar OMS, cikin masu sanƙarau na bakteriya kusan 1 cikin 6 ke rasuwa, 1 cikin 5 kuma ya tashi da lahani mai ɗorewa, kuma kurumta na kan gaba. Ƙwayar cutar tana bin ruwan ƙwaƙwalwa ta wata ƴar hanya ta shiga katantanwa, sau da yawa duka biyun. Bayan haka cikin katantanwar yana iya fara cikewa da ƙashi a ƴan makonni. Shi ya sa duk wanda ya tashi daga sanƙarau ya kamata a auna jinsa kafin sallama ko cikin mako 4, ko da ana ganin yana ji.

A nan akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010 ya karya lagon nau'in A na ƙwayar cutar maningokok, wanda ke haddasa manyan annobar bazara. Amma a 2015 annobar da galibinta nau'in C ne ta kama mutum sama da 8,000 a ƙasar nan. Sanƙarau da ke tasowa daga kunne kuwa galibi ba maningokok ba ne ma, ya fi zama wata ƙwayar cutar daban da ake kira nimokok, wanda kuma ya fi barin kurumta. Ba shi da lokaci, da damina ma yana zuwa. Don haka "ai an yi masa allurar sanƙarau" ba hujja ba ce. Abin da ke rage wannan shi ne rigakafin jarirai na yau da kullum: Penta mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar, da na nimokok wanda ya shiga jadawalin Nijar a 2014, da na ƙyanda.

Kula da kunnen tun yana sabo ba ta da wuya. Yaro mai ciwon kunne da zazzaɓi, ko wanda ruwa ya fara fitowa, a kai shi cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa. Tun 2006 aka ayyana kula da ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati. Yawanci amoksisilin ake bayarwa, a kuma shanye shi duka ko da yaro ya warware. In ya zama daɗaɗɗe, ginshiƙin magani shi ne busarwa: a murɗa tsumma mai tsabta mai shan ruwa, a sa a bakin ramin, in ya jiƙe a canza, har ya fito a bushe, sau 3 a yini. Ba tsinke, ba ashana, ba gashin kaza. Bayan an busar ne ake ɗiga abin da likita ya rubuta, irin su siprofuloksasin, domin ɗigon da aka zuba kan mugunya bai kai ko'ina ba. Kada a bar auduga toshe dare da rana. Ruwan wanka kada ya shiga, iyo a gulbi ko tafki kuma a haƙura da shi sai kunne ya warke.

Idan an yi haka mako 2 bai bushe ba, ko yana ɗoyi, ko yana bushewa yana dawowa, a nemi takardar turawa zuwa manyan asibitocin birnin Maraɗi, CHR ko Asibitin Referans, wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake ce wa ORL. Irin waɗannan likitoci ba su da yawa. Rahoton OMS na 2021 ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko guda ɗaya ga kowane mutum miliyan. Ga wanda ke Dakwaro ko Mayahi tafiyar kuɗi ce da wahala, amma ta zuwa da ƙafarka ta fi arha nesa ba kusa ba a kan ta motar asibiti da tsakar dare.

Wanda jinsa ya riga ya tafi ta ciki, abin da ya rage ake tattalawa. Babba da kunnensa ya mutu farat ɗaya ba tare da ruwa ba, ya je a kwanakin farko, don akwai maganin da kan taimaka idan an fara shi da wuri, galibi cikin mako 2. Na'urar ƙara ji tana amfani matuƙar akwai saura, amma sai an auna an saita ta daidai da kunnen mai ita, kuma ba a toshe kunne mai zuba da ita, sai an busar da shi. Mai kunne ɗaya ya kiyaye ɗayan daga injin niƙa da ƙarar abin sauraro na salula. Yaro a lakwal a zaunar da shi gaba, lafiyayyen kunnen yana fuskantar malam, a riƙa yi masa magana ana kallonsa, da haske a fuskar mai magana. Wanda sanƙarau ya kurumtar bayan ya iya magana, a ci gaba da hira da shi kullum, in ba haka ba maganar na iya zubewa. Wanda kuma abin ya same shi kafin ya buɗe baki, a fara masa maganar hannu tun yana ƙarami, ƴan gidan su ma su koya tare da shi.